Yadda Ake Siffanta Ciwon Cikin Baki a Rubuce, Tun Daga Kallon Farko Har Zuwa Takardar Turawa

Duk wanda aikinsa ya haɗa da leƙa bakin mutane, ɗalibin likitancin haƙori ne ko ma'aikaciyar jinya, akwai wata gaggawa da kan kama shi idan ya ga abin da bai saba gani ba a kan harshe ko dasashi: so yake ya faɗi sunan cutar nan take. Wannan gaggawar ce take ɓata rubutu. Sai ka buɗe katin majinyaci ka tarar an rubuta "ciwo a baki" ko "ƙari a harshe", shi ke nan. Wanda zai duba mutumin bayan mako uku ba shi da hanyar sanin ko abin ya girma ko ya ragu, kuma likitan da zai duba naman a ɗakin gwaji ɗan yanki kawai ake kai masa a kwalba, bai ga bakin ba. Abin da ka rubuta shi ne kaɗai abin da zai dogara da shi.

Saboda haka siffantawa ce farko, suna ya biyo baya. Idan siffantawar ta yi kyau, sau da yawa ita da kanta take rage jerin cututtukan da ake zato daga ashirin zuwa uku, kuma ita ce take nuna wanda zai iya jira da wanda bai kamata ya ƙara kwana ba tare da an tura shi gaba ba.

Shiri kafin a buɗe baki

Kana buƙatar haske mai ƙarfi, safar hannu, ƙaramin madubin baki, bandeji busasshe, da siririn ƙarfen nan na awon dasashi mai zanen milimita a jikinsa. Idan mutum yana sanye da haƙoran roba, ya cire su, domin ciwo da yawa a ƙarƙashinsu yake ɓuya. Ka goge wurin da bandeji ya bushe. Yawu yana sa komai ya yi ƙyalli, yana ɓoye kaushi, yana kuma canza launi.

Kafin ka taɓa komai, ka yi tambaya. Tun yaushe ya lura da shi? Yana zafi, ko raɗaɗi, ko wurin ya mutu ba ya jin komai? Yana girma ne, ko yana zuwa yana tafiya? Ya taɓa fashewa ko zubar da jini? Akwai irinsa a fata, ko ido, ko al'aura? Yana shan taba ko giya, kuma waɗanne magunguna yake sha? Amsoshin nan ba su cikin siffar ciwon, amma ba a fahimtar siffar sai da su.

Mataki na farko: tabbatar cewa abin ciwo ne

Akwai halittun baki na yau da kullum da sukan tsorata sabon hannu. Farin layi a cikin kunci daidai inda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa, ana kiransa liniya alba, ba cuta ba ne. Ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa a cikin kunci ko leɓe, ƙwayoyin Fordyce ke nan, guraben maiƙo ne kawai. Ɗan tudun da ke cikin kunci daura da turmi na biyu na sama ƙofar magudanar yawu ce. Manyan ƙulle-ƙullen da suka jeru a can bayan harshe halitta ce ta kowa. Tudun ƙashi a tsakiyar ganɗa ko a cikin muƙamuƙin ƙasa ta gefen harshe, shi ne torus. Akwai kuma hazo-hazon fari a cikin kumatu biyu wanda yake ɓacewa idan ka ja fatar ta miƙe, luko'idima, wanda ya fi yawa a mutane masu duhun fata, kamar yadda duhun dasashi ma yake halitta a wurinsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi ɗaya gefen. Abin da ya fito dama da hagu iri ɗaya, a wuri ɗaya, ya fi kusa da zama halitta. Wannan ba doka ce marar togiya ba, domin wasu cututtuka ma gefe biyu suke kamawa, amma tana kawar da ruɗani mai yawa.

Mataki na biyu: faɗi wurin daidai

"A harshe" bai isa ba. Harshe yana da sama, da ƙasa, da gefe, da tsini, da gindi, kuma kowanne da nasa labarin. Ka rubuta dama ko hagu, kuma dama da hagun majinyaci ake nufi, ba naka ba. Ka ɗaure wurin da wani abu da ba ya motsi, wato haƙori ko tsakiyar baki. A tsarin lamba biyu da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, lambar farko tana nuna kusurwa: 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama. Ta biyu tana ƙirga haƙori daga tsakiya, 1 zuwa 8. Don haka 36 shi ne turmi na farko a ƙasa ta hagu. Idan ka ce "gefen harshe na hagu, daura da haƙori 36", kowa zai kai yatsansa wurin.

Wurin yana da muhimmanci saboda fatar cikin baki iri biyu ce. Akwai mai kauri wadda take manne da ƙashi ko take jure tauna: ganɗa, dasashin da ke jikin ƙashi, da saman harshe. Akwai mai laushi wadda take motsi: cikin leɓe, cikin kunci, ƙarƙashin harshe, daɓen baki, da hanɗa, wato sashen baya mai laushi na rufin baki. Ƙananan gyambon nan masu zafi da sukan warke su dawo, waɗanda ake kira afta, a kan mai laushin suke fitowa. Hafis, wato cutar bairos mai fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa, idan ya dawo a cikin bakin mai cikakkiyar garkuwar jiki kuwa ya fi zaɓar mai kaurin. Sankarar baki ta fi son gefen harshe da ƙarƙashinsa, da daɓen baki, da yankin hanɗa. Farin tabo a daɓen baki da farin tabo a layin cizo na kunci ba matsayinsu ɗaya ba, ko da sun yi kama a ido.

Mataki na uku: shafe yake, ko ya taso, ko ya lotsa?

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kalli wurin daga gefe, sannan ka shafa yatsa a kai. Tambaya ɗaya ce: yana daidai da fatar da ke kewaye, ko ya ɗaga sama, ko wani abu ya ɓace daga wurin?

Idan shafe yake, launi ne kawai ya canza, yatsanka bai ji komai ba, to makyul ne. Idan ya yi faɗi, ya wuce santimita 1, ana ce masa faci. Ɗigon duhu a leɓen ƙasa misalin makyul ne.

Idan ya taso, sai ka raba biyu: nama ne a ciki ko ruwa? Ƙaramin tudu na nama shi ne fafyul. Wanda ya fi shi girma, kuma sau da yawa yana da zurfi a cikin nama, shi ne nodyul. Idan ya yi girma sosai, kamar ya haura santimita 2, sai a ce dunƙule ko ƙari, kuma a wannan matakin kalmar girma kawai take nufi, ba ta nufin sankara. Akwai kuma filak, wato wuri mai faɗi da ya ɗan taso amma samansa a baje yake, faɗinsa ya fi tsayinsa nesa. Kada a haɗa shi da dattin ƙwayoyin cuta da ke manne wa haƙori, wanda shi ma wannan sunan ake kiransa da shi.

Na ruwa kuwa bororo ne. Ƙarami shi ne besikil, babba shi ne bula, wanda yake ɗauke da mugunya shi ne fostul. Littattafai sun bambanta wajen iyakar da ke raba ƙarami da babba: da yawa daga cikin na cututtukan baki suna yanke ta a milimita 5, wasu na cututtukan fata kuma a santimita 1. Ba abin jayayya ba ne matuƙar ka rubuta awon a gefen kalmar. Wanda ya karanta "nodyul mai milimita 8" ya san abin da ka gani, ko wane littafi ya karanta.

Wani abu da ya kamata a riƙe game da bororo a baki: ba ya daɗewa. Danshi da tauna suna fasa shi cikin sa'o'i, don haka da wuya ka same shi a tsaye. Abin da za ka tarar shi ne wurin da ya fashe, wani lokaci da ɗan ragowar fata a gefe. Shi ya sa ake tambayar majinyaci ko ya ji ƙurji mai ruwa kafin ciwon ya buɗe. Amsar "e" tana karkatar da tunani zuwa hafis, ko femfigus, cutar da garkuwar jiki ke afka wa fata ta tayar da bororo, da danginsa. Tarin ƙananan gyambo da suka haɗe, gefensu ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, alama ce cewa daga ƙananan bororo masu yawa suka samo asali.

Idan kuma wani abu ya ɓace, kalmomi biyu ne ake yawan musanyawa bisa kuskure. Saluɓewa, wadda ake kira iroshan, ita ce a rasa saman fatar kawai, ƙasanta yana nan. Wurin yakan yi ja, ba shi da zurfi. Gyambo, wato olsa, shi ne fatar ta tafi gaba ɗaya har naman ƙasa ya bayyana. A baki yawanci za ka gan shi da shimfiɗa fara ko mai ruwan ɗorawa a tsakiya, ja ya kewaye shi. Wannan shimfiɗar ba mugunya ba ce, daskararren ruwan jini ne da jiki ya rufe wurin da shi, kuma rubuta ta a matsayin mugunya yana jawo a ba mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili. Tsaga kuwa siririn yanka ne mai tsawo, irin wanda ake gani a kusurwar baki ko tsakiyar leɓe. Sai ƙaramar ƙofa a dasashi da mugunya ke fitowa ta ciki, wadda hanya ce daga tushen haƙorin da ya mutu. Idan ka ga wannan, ciwon na ainihi yana cikin ƙashi, ƙofar mafita ce kawai.

Ga duk abin da ya taso, ka dubi gindinsa. Idan gindin ya yi faɗi, ya kai faɗin saman ko ya fi shi, mai faɗin gindi ne, sesil. Idan yana da siririn wuya wanda za ka iya zura ƙarfen awo ta ƙarƙashinsa, mai wuya ne. Likitan tiyata yana son sanin wannan tun kafin ya ga mutumin.

Mataki na huɗu: awo da ƙirga

Aza ƙarfen awon a kan ciwon ko a gefensa, ka rubuta tsawo da faɗi da milimita, idan ya taso ka ƙara tsayi. "Ƙarami" da "babba" ba awo ba ne. Ka faɗi ko ɗaya ne ko da yawa, a warwatse suke ko a tare, gefe ɗaya ko biyu, ya tsallaka tsakiya ko bai tsallaka ba. Ciwon da ya tsaya cak a tsakiyar ganɗa, gefe ɗaya kawai, yana bin hanyar jijiya, wannan siffar kaɗai tana iya nuna cutar da ke farfaɗowa daga ƙwayar ƙarambau da mutum ya yi tun yana yaro.

Mataki na biyar: launi, da abin da ya jawo shi

Launi ba ado ba ne, yana gaya maka abin da ke faruwa a cikin nama. Lafiyayyar fatar baki tana nuna jinin da ke ƙarƙashinta ne ta cikin wani siririn rufi. Duk abin da ya ƙara wa rufin kauri sai wurin ya yi fari. Duk abin da ya sirantar da shi, ko ya ƙara jini a ƙasa, sai ya yi ja.

Idan fari ne, gwaji na farko shi ne gogewa. Ɗauki bandeji ka goga da ɗan ƙarfi. Idan ya fita ya bar ja a ƙasa, mai yiwuwa fangas ɗin kandida ne, ko matacciyar fata daga ƙuna, irin wadda ake samu idan mutum ya ajiye ƙwayar asfirin a gefen haƙori mai ciwo. Idan bai fita ba, kaurin yana cikin fatar ne. Daga nan ka nemi dalili: haƙori mai kaifi, cizon kunci, gogar haƙoran roba. Ka duba ko farin yana da zane-zanen siraran layuka da suka sarƙe a kumatu biyu, layukan Wickham, waɗanda aka san cutar fata da baki mai suna laikin filanus da su.

A nan sai an yi hattara da kalmar lukofilakiya. Tun a 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin farin tabo ko filak wanda ba za a iya danganta shi da wata cuta sananniya ba. Ma'ana, ba sunan kowane farin abu ba ne. Sai ka kore sauran dalilai sannan ka isa gare ta, kuma da zarar ka rubuta ta ka ɗora wa kanka nauyin bibiya, domin wani kaso nata yana rikiɗewa zuwa sankara. Idan ba ka kai ga korewar ba, rubuta "farin filak da ba ya gogewa". Wannan gaskiya ce tsantsa kuma ba ta ɓatar da kowa. Ka ƙara ko farin bai ɗaya ne sumul, ko a gauraye yake da ja, ko yana da ƙulle-ƙulle, domin gaurayen ya fi haɗari.

Ja shi ne launin da na fi so ɗalibai su ji tsoro. Jan tabo mai laushi, wanda ba shi da dalili bayyananne, ba ya zafi, musamman a daɓen baki ko hanɗa ko gefen harshe, shi ake kira iritirofilakiya. Bai kai farin yawa ba, amma idan aka yanki namansa aka duba, akasari ana tarar da mummunan canji ko sankarar da ta riga ta fara. Ido yana saurin tsallake shi saboda baki dama ja-ja ne, shi ya sa busar da wuri da haske mai kyau ba abin wasa ba ne.

Ga abin da yake ja, ko shuɗi, ko shunayya, ka danna shi da ɗan gilashi mai tsabta ka kalla ta ciki. Idan launin ya gudu ya dawo bayan ka saki, jinin yana cikin hanyoyinsa ne, kuma irin wannan ba a kai masa wuƙa da ka. Idan bai gudu ba, jini ne da ya fita ya kwanta a nama, ko kuma launi ne na daban. Jinin da ya kwanta a ɗigo-ɗigo na milimita 1 zuwa 2 shi ne fetikiya, babban shafi kuma ekimosis. Idan babu tarihin bugu ko rauni, a duba jinin mutumin. Kumburi shuɗi-shuɗi mai laushi a cikin leɓen ƙasa, wanda yake fashewa ya dawo, galibi yawu ne ya taru, miyukosil. Irinsa a daɓen baki shi ne ranula.

Ruwan ƙasa, toka-toka, ko baƙi: melanin ne, wato sinadarin da ke ba fata duhu, ko ɓurɓushin amalgam, ƙarfen da ake cike haƙori da shi, da ya shiga nama kusa da haƙorin da aka cike, ko tasirin taba ko wani magani. Ka rubuta ko launin iri ɗaya ne ko ya cakuɗa, da ko gefensa a tsare yake. Baƙin tabo sabo a ganɗa ko dasashin sama, mai girma, mai launi barkatai, ba a sa masa ido a jira. Ruwan ɗorawa kuwa yawanci kitse ne, ko maiƙo, ko mugunya.

Mataki na shida: sama da gefe

Saman na iya zama sumul, ko mai kaushi, ko mai ƙananan yatsu-yatsu, ko mai tsini-tsini, ko mai kunya-kunya, ko mai ɓawo idan a leɓe ne. Akwai darasi a nan: tudun da samansa yake sumul, launinsa irin na kewaye, yawanci daga ƙasa yake turowa, fatar ta rufe shi ne kawai. Wanda samansa ya yi kaushi ko yatsu, daga fatar kanta ya taso.

Gefe kuwa, ka faɗi ko za a iya zagaye shi da alƙalami ba tare da shakka ba, ko ya narke cikin lafiyayyen nama. Ga gyambo, ka dubi leɓensa: a kwance yake, ko a yanke tsaf, ko ya taso ya naɗe waje? Gefe mai tasowa da naɗewa alama ce mai nauyi.

Mataki na bakwai: sa hannu

Mutane da yawa suna tsayawa a kallo, kuma wannan babbar asara ce, domin yatsa yana gano abin da ido ba ya gani. Kunci da leɓe ana matsa su tsakanin yatsu biyu. Daɓen baki ana sa yatsa ɗaya a ciki, ɗaya hannun a ƙarƙashin haɓa. Harshe ana kama tsininsa da bandeji a jawo shi waje a juya dama da hagu, in ba haka ba ba za ka taɓa ganin can bayan gefensa ba.

Ka rubuta abin da ka ji: laushi, ko tauri irin na nama, ko danƙo-danƙo, ko tauri irin na ƙashi. Idan ka danna gefe ɗaya ka ji ruwa ya tura ɗaya yatsan, akwai ruwa a ciki. Ka gwada motsa shi: yana zamewa a ƙarƙashin yatsa, ko ya kafe a jikin abin da ke ƙasa? Yana zafi idan an taɓa? Yana zubar da jini da ɗan shafa? Kana jin bugun jini a ciki?

Kalmar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce indureshan, wato naman da ke ƙarƙashin ciwon da kewayensa ya ƙage ya yi tauri, sau da yawa har ya zarce iyakar abin da ido ke gani. Gyambon rauni na kwana uku laushi gare shi kuma yana zafi. Gyambon da ya ƙage, ya kafe, kuma ba ya damun mai shi sosai, wannan ne abin tashin hankali. Rashin zafi ba albishir ba ne, sankarar baki a farkonta sau da yawa ba ta zafi, kuma dalilin da ya sa mutane ke jinkirin zuwa ke nan. Ko ba ka ji taurin ba, ka rubuta cewa ka nema ba ka samu ba, domin mai karatu ya san an duba.

Kada ka sallami mutum ba ka shafa wuyansa da ƙarƙashin muƙamuƙi ba. Kaluluwa mai laushi, mai zafi, mai motsi, ta fi kama da ta kamuwa da ƙwayoyin cuta. Mai tauri, marar zafi, wadda ta kafe, ita ce ake gudu.

Mataki na takwas: idan ciwon a cikin ƙashi yake

Hoton ƙashi yana da nasa kalmomin, amma tsarin tunanin ɗaya ne. Wurin da ya fito baƙi saboda hasken ya ratsa shi, rediyolusen ne. Wanda ya fito fari saboda ya tare hasken, rediyo'ofek ne. Akwai kuma gauraye. Ka faɗi ko rami ɗaya ne ko an raba shi ɗaki-ɗaki. Mai ɗakuna da yawa a bayan muƙamuƙin ƙasa, wanda ake kwatanta shi da kumfar sabulu, yana sa a tuna da amelobilastoma, wani ƙari na ƙashin muƙamuƙi, da wasu 'yan uwanta.

Gefen ya fi komai bayani. Siririn farin layi da ya zagaye baƙin wuri yana nuna abu mai girma a hankali, wanda ƙashi ya samu lokacin gina masa katanga. Gefen da ya yi yage-yage, ba a san inda ya tsaya ba, yana nuna abu mai sauri: ko ruɓar ƙashi ko sankara. Sannan ka faɗi dangantakarsa da haƙori, a tsinin saiwa yake, ko ya rungumi kan haƙorin da bai fito ba, ko yana tsakanin saiwoyi. Ka faɗi abin da ya yi wa maƙwabta: ya ture haƙora, ya cinye saiwa, ya faɗaɗa ƙashi, ya danna hanyar jijiya ƙasa. Idan baƙin wuri ne a tsinin saiwa, a gwada ko haƙorin yana da rai, domin amsar tana sauya komai. Ka tuna kuma cewa babban hoton da ke ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya yana ƙara girman abu, don haka awon da aka yi a kansa kiyasi ne.

Mataki na tara: haɗa shi ya zama jimla

Tsarin da ya fi sauƙin karantawa shi ne adadi, girma, launi, nau'i, sama da gefe, abin da yatsa ya ji, wuri, sannan tsawon lokaci. Ga misali:

"Nodyul ɗaya, milimita 7 da 6, tsayi milimita 4, launinsa irin na kewaye, sama sumul, mai faɗin gindi, gefe a bayyane, tauri irin na nama, ba ya zafi, a cikin kuncin dama kan layin cizo daura da haƙori 46. Majinyaci ya ce ya kai shekara bai canza ba."

Ba a ambaci suna ba, amma duk wanda ya san aikin zai fara tunanin faiburoma ta cizo, wato tudun nama marar haɗari da yawan cizo ke haifarwa. Ga wani:

"Gyambo ɗaya, milimita 15 da 10, tsakiyarsa ja da fari a gauraye, gefensa ya taso ya naɗe, akwai indureshan da ya zarce gefen da kusan milimita 5, ya kafe, a gefen harshe na hagu daura da haƙora 36 da 37. Babu haƙori mai kaifi a kusa. Mako shida. Kaluluwa ɗaya mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu."

Wannan takardar ba za ta kwana a ƙasan tari ba. Bayan siffantawar ne, a layi na daban, za ka rubuta cututtukan da kake zato, ka jera su daga wanda ya fi yiwuwa, ka sa wanda ya fi haɗari a ciki ko da ba shi ne kan gaba ba. Kada ka cakuɗa abin da ka gani da abin da kake tsammani a jimla ɗaya.

Idan majinyaci ya yarda, ka ɗauki hoto da ƙarfen awon a gefen ciwon, ɗaya daga nesa don a ga wurin, ɗaya daga kusa. In babu halin hoto, ka zana taswirar baki a katin ka sa alama. Idan akwai dalili bayyananne, kamar haƙori mai kaifi ko haƙoran roba masu gogawa, a gyara shi a ranar, a sa wa mutum ranar dawowa bayan mako biyu. Fatar baki tana warkewa da sauri, saboda haka abin da bai warke ba, ko bai ragu sosai ba a wannan lokacin, a tura shi a yanki nama a duba. Wanda ya zo da indureshan, ko naɗaɗɗen gefe, ko jan tabo marar dalili, ko mutuwar leɓe, ko haƙoran da suka fara girgiɗa ba tare da ciwon dasashi ba, ba a jira masa mako biyun. Ranar da ya dawo kuma, ka sake auna wurin da irin ƙarfen da ka auna da farko, ka rubuta sabon awon a ƙarƙashin tsohon da kwanan wata.